Waiwaye: Akta, Bos da Mu 'Yan Kallo

Daren Lahadi, 22 ga Afrilu, 2018, zafin bazara ya kai intaha a Kano, ga shi an ɗauke wuta tun la'asar. A layinmu na Ƙauyen Alu shagon aski ɗaya ne kawai janaretansa ke ruri. Na shiga bayan sallar isha'i don a rage mini suma, na tarar babu masakar tsinke. Benci biyu sun cika maƙil, wasu samari sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna leƙe ta saman kafaɗun juna. Mai askin ya kashe kilifa ya rataye, ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske, shi ma kansa wanda ake yi wa askin bai damu ba. Idon kowa na kan 'yar talabijin ɗin da aka kafe a saman madubi. Ba ƙwallo ake bugawa ba. Daren ƙarshe ne na gasar Big Brother Naija, ana jiran a faɗi wanda ya ci.

Mutum biyu suka rage: wani saurayi matuƙin jirgin sama mai suna Miracle, da wata budurwa da ta karanci aikin lauya, Cynthia Nwadiora, wadda aka fi sani da Cee-C. Ana kiran sunan Miracle shagon ya kaure da sowa, kai ka ce Kano Pillars ce ta jefa ƙwallo a raga. Abin da na lura da shi, wanda har yau bai bar zuciyata ba, shi ne ba wanda ya ambaci saurayin da ya ci. Faɗuwar budurwar ake yi wa murna. "Allah ya ƙara!" "Fitsararriya!" "Marar kunya, ai ga irinta nan!" Ni ma na jefa tawa kalmar, domin kwanaki kaɗan kafin nan an nuna mini wani guntun bidiyo a waya inda take zazzaga wa wani abokin zamanta, Tobi, ruwan zagi, ni kuwa na yanke mata hukunci nan take.

A ƙarshen benci akwai wani dattijo, tsohon direba a tashar Unguwa Uku, wanda aski ya kawo shi kamar ni. Bai ce uffan ba sai da hayaniya ta lafa. Sannan ya dubi mai askin ya ce, "Yaro, wannan yarinyar da kuke ta tsine wa, fim take yi ko da gaske ne?" Mai askin ya ce, "Baba, ai da gaske ne, sunanta ma na gaskiya ne." Dattijon ya jinjina kai ya ce, "Ashe 'yar wani ce." Aka yi dariya, aka koma hira. Ban ɗauki maganar da nauyi ba a daren, sai da abu ya biyo ni har cikin gida.

Mu da muka tashi a Kano mun san kallo da jarumi da mugu. Akta da bos muke ce musu. A da, a silimar Marhaba ta Farm Centre, da Plaza, da Orion, da El Dorado, bos na bayyana za ka ji tsaki da ihu, akta na fara ramuwa kuma sai fito da tafi. Duk wanda ya ga Amjad Khan a matsayin Gabbar Singh cikin Sholay na 1975 ya san daɗin tsanar bos. Da finafinan Hausa suka zo, tun daga Turmin Danya na 1990, muka ɗauko wannan ɗabi'a muka ɗora wa namu. Amma bos na fim yana da mafita. In an gama ɗauka, sai ya tuɓe kayan wasa, ya wanke fuska, ya koma wa iyalinsa da sunansa na yanka. Tsana ta tsaya a kan Gabbar, Amjad Khan ya kwana lafiya. Wannan katangar ce gasar talabijin ta zamani ta rushe. A cikinta bos ba shi da kayan wasan da zai tuɓe, da fuskarsa da sunansa da sunan mahaifinsa zai fito ya shiga kasuwa.

A ƙasar Holan aka ƙirƙiro shirin Big Brother a 1999, aka ba shi sunan shugaban nan mai ido a ko'ina na cikin littafin George Orwell. Tsarinsa ba wuya: a tara baƙin juna a gida ɗaya, a raba su da waya da labarin duniya, a kafa musu kyamara da makirfo dare da rana, duk mako a kori wani, masu kallo su ne alƙalai da ƙuri'unsu. Ya iso Afirka a 2003, kuma tun a shekarar majalisar dokokin Malawi ta hana nuna shi kafin kotu ta soke hanin. Da aka gwada na Larabawa a Bahrain a 2004, bai cika mako biyu ba zanga-zanga ta sa aka rufe shi. Na Najeriya ya fara a 2006, kuma ɗan Kudancin Kaduna ne, Katung Aduwak, ya fara cinye shi da dala 100,000. A 2009 Kevin Pam na Jos ya ciyo na Afirka duka. Bayan dogon hutu aka dawo da namu a 2017, daidai lokacin da wayar shafa ta shiga aljihun ɗan acaɓa da ɗan makaranta da matar aure, kuma daga nan ne ya shigo unguwanni irin tamu.

Yadda ya shigo ɗin abin dubawa ne. Daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, da wuya ka sami magidancin da zai kunna tashar a falo gaban 'ya'yansa, kuma yana da hujja, domin akwai shaye-shaye da tsiraici da cakuɗuwar maza da mata da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Ƙungiyar MURIC ta sha kiran a haramta shi, malamai sun yi wa'azi a kai. Ni ma ina cikin masu ganin ba shirin da za a saka wa yara ba ne. Sai dai abin da aka rufe wa ƙofar zaure ya shigo ta taga. Guntayen bidiyo na daƙiƙa talatin ko minti ɗaya suka riƙa yawo a Facebook da WhatsApp, daga shagon mai caji zuwa teburin mai shayi, daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa gidan kitso. A majalisa kowa zai ce maka shirin banza ne, amma mafi yawanmu mun san sunan wadda ta yi faɗa a daren Asabar. Ke nan ba shirin muke kallo ba, ɓurɓushinsa muke lasa, kuma a kan ɓurɓushin muke yanke hukunci.

A yi lissafi. Zangon 2018 ya fara 28 ga Janairu, ya ƙare 22 ga Afrilu. Kwana 85 ke nan, sa'o'i 2,040. Babu mahalukin da ya zauna ya kalle su duka. Abin da ke isowa gare mu ko dai taƙaitawar da masu shirin suka tace ce, ko kuwa yankan da magoya bayan wani suka yi don su ɓata abokin hamayyarsa. Mai tacewa kuma ba ya ɗauko inda mutum ke shara ko lallashin wanda ke kuka, domin wannan ba ya tara jama'a. Inda murya ta tashi yake nema. Ka ɗauko mutumin da ya fi kowa haƙuri a Ƙauyen Alu, ka kulle shi kusan wata uku da baƙi 19, ka hana shi jin muryar mahaifiyarsa, ka sa su riƙa nuna juna da yatsa duk mako don a kori ɗaya, ka ajiye miliyoyin naira a tsakiya, sannan ka naɗi duk motsinsa. Na tabbata za ka sami minti biyar waɗanda in ka jera su, unguwa za ta rantse ba ta taɓa ganin azzalumi irinsa ba. Ka kuma iya tsamo wasu minti biyar ɗin a ce waliyyi ne.

Waɗanda muke ɗagawa ma suna da labarin da suke bayarwa game da mu. Efe, wanda ya ci a 2017 ya tafi da naira miliyan 25, ya shiga zukata ne saboda ya zo a matsayin ɗan talaka da ya tashi a Jos, mai magana irin ta 'yan layi. A 2020, lokacin da korona da yajin aikin ASUU suka zaunar da ɗalibai a gida, wani siririn mawaƙi mai suna Laycon, wanda aka yi ta yi wa ba'a saboda surarsa a ranar farko, shi ya kwashe kashi 60 cikin 100 na ƙuri'un ƙarshe da kyautar da ta kai naira miliyan 85. A 2021 Whitemoney ya ci, mutumin da ya shafe zangon yana dafa wa abokan zamansa abinci yana ba da labarin sana'o'in wahala da ya yi. Mu 'yan Najeriya muna son wanda aka raina, muna son mu ga Allah ya ɗaga shi a gaban masu raina shi. Wannan hali ne mai kyau, daga tausayi ya fito, kuma na ga samarin layinmu waɗanda ba su da aikin yi suna kallon Laycon kamar nasararsa tasu ce. Matsalar ita ce, labarin wanda aka zalunta ba ya cika sai an samo azzalumi. In babu shi, sai mun ƙera shi.

Kuma a yawancin lokuta mace muke ƙerawa. TBoss a 2017, Cee-C a 2018, Tacha wadda aka kora a 27 ga Satumba, 2019 bayan faɗanta da abokiyar zamanta Mercy, sai Erica da aka kora a 6 ga Satumba, 2020 bayan ta zagi Laycon. Ba na cewa ba su yi laifi ba. Sun yi, a gaban kowa, kuma dokar gidan ta hukunta waɗanda ta hukunta. Abin tambaya shi ne abin da ya biyo baya: zagin iyaye, ƙagen da ba a gani a kyamara ba, barazana, har ta kai Cee-C ta bayyana cewa an aiko mata saƙon za a watsa mata ruwan batir. A ɗaya ɓangaren kuma, kowacce cikinsu ta tara rundunar masoya masu zafin kai. Cee-C da ake cewa kowa ya tsane ta ita ta zo ta biyu. Erica na fita masoyanta suka buɗe mata asusun tara kuɗi. So da ƙi a nan makamashi ɗaya ne, murhu ɗaya suke hurawa. A 2018 kowane saƙon tes na zaɓe naira 30 ne, masu shirin kuma sun sanar da ƙuri'u miliyan 170 a zangon, miliyan 240 a 2019, fiye da miliyan 900 a 2020. Wanda ransa bai ɓaci ba ba ya zaɓe sau ɗari. Fushinmu haja ce, kuma mu muke biyan kuɗin data don mu kai ta kasuwa.

Wasu ƙasashen sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A watan Janairun 2007, a gasar Big Brother ta shahararru a Birtaniya, wata mata mai suna Jade Goody ta yi wa jarumar Indiya Shilpa Shetty maganganun da aka ɗauka na wariyar launin fata ne. Ƙorafi fiye da 40,000 ya isa hukumar kula da kafofin yaɗa labarai, Shilpa ta ci gasar, Jade ta zama abar ƙyama a ƙasarta. Ta fito ta nemi gafara. A 2008 aka gano tana da ciwon daji, ta rasu a watan Maris na 2009 tana da shekara 27, kuma jaridun da suka yi mata tsirara su ne suka cika shafukansu da makokinta. Na Japan ya fi ciwo. Hana Kimura, 'yar kokawa mai shekara 22, ta yi cacar baki da wani abokin zamanta a shirin Terrace House saboda ya lalata mata kayan kokawarta a injin wanki, har ta buge masa hula. Wannan ɗan guntun ya jawo mata ruwan zagi a intanet kullum, babu dare babu rana. A 23 ga Mayu, 2020 ta kashe kanta. Mahaifiyarta ta tashi haiƙan, har a 2022 Japan ta tsaurara dokar cin mutunci, ta kai hukuncinsa ɗaurin shekara guda. Mutanen da suka rubuta mata baƙar magana, kowannensu yana ganin tasa kalma ɗaya ce tak, ba ta isa ta kashe kowa ba.

Muna iya cewa can ne, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2020, da aka ji cewa akwai 'yar jihar Sakkwato, Kaisha, a cikin gidan Big Brother Naija, na ga waɗanda ke cewa ba ruwansu da shirin sun fi kowa neman hotonta. Sai kuma 17 ga Disamba, 2021, ranar da Shatu Garko, 'yar jihar Kano mai shekara 18, ta zama sarauniyar kyau ta Najeriya a Legas, mace ta farko da ta ci gasar sanye da hijabi, da kyautar naira miliyan 10. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce ta fitar da mu kunya, wasu suka ce ta zubar mana da mutunci. Kwamandan Hisba na lokacin, Malam Haruna Ibn Sina, ya fito ya ce irin wannan gasa ta saɓa wa koyarwar addini, kuma wannan magana ce a kan aiki, wadda malami ke da hurumin faɗa. Abin da na ji a majalisu da wanda na gani a waya ya wuce nan nesa. An zagi uwarta, an zagi ubanta, an ƙaga mata abin da ba wanda ya gani. Yarinya ɗaya, a dare ɗaya, ta zama akta a wajen wasu, bos a wajen wasu, kuma cikin ɓangarorin biyu ƙalilan ne suka tuna cewa shekararta 18. Ƙin aiki daban, cin naman mai aikin daban. Mun daɗe muna cakuɗa su muna kiran duka kishin addini.

Ga yadda abin ya zo gidanmu. 'Yar yayata, yarinya mai shekara 17, ta je wani biki a Gyadi-Gyadi tare da ƙanwarta. Washegari wani guntun bidiyo ya fara yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa. Bai kai rabin minti ba. A ciki an gan ta a tsakar gida, mayafi ya zame zuwa kafaɗa, ido ya yi ja, tana nuna wata mata sa'ar uwarta da yatsa tana cewa, "Ƙarya kike yi!" Wanda ya tura ya rubuta a ƙasa: yaran zamani. Kafin azahar na karanta kalmomin da aka jera mata: fitsararriya, marar kunya, ba tarbiyya. Jikina ya yi sanyi, domin na san kalmomin. Su ne na shagon aski, har da wadda ta fito daga bakina.

Na je gidan bayan magariba da niyyar yi mata faɗa. Na same ta a ƙuryar ɗaki, ta kifa kai a gwiwa, abincin rana na gefe a rufe ba ta taɓa ba. Ta ɗago ta ce, "Kawu, ba wanda ya tambaye ni abin da ya faru." Ashe wayar matar ce ta ɓata, ta kama ƙanwar, yarinya 'yar shekara tara, ta ce ita ta ɗauka, ta kwaɗa mata mari a gaban mutane, ta fara laluben jikinta. Nan ne yayar ta taso. Bayan an lafa aka ga wayar a cikin jakar mai ita, ƙarƙashin ledar kayan biki. Mai ɗaukar bidiyon bai fara ba sai da murya ta tashi, ya kuma tsaya kafin a ga wayar. Na gaya mata ɗaga wa babba murya kuskure ne, ta yarda, ta je ta ba da haƙuri. Amma bidiyon bai dawo ba. Ta yi makonni ba ta zuwa Islamiyya saboda nunin da ake yi mata a hanya, kuma har yau akwai gidajen da in an ambaci sunanta, rabin mintin nan suke tunawa. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa.

Kakanninmu sun ce gani ya kori ji, kuma a zamaninsu gaskiya ne, domin mai gani yana tsaye a wurin, ya ga farko ya ga ƙarshe, ya san masu rigimar da iyayensu. Ganin da muke yi a waya ba irin wannan ba ne. Ji ne ya sa rigar gani. Wani ne ya zaɓi inda zai fara da inda zai tsaya, ya miƙo mana, mu kuma muka rantse da idonmu muka gani. Shi ya sa ya fi tsegumin baka haɗari: in an kawo maka gulma kana iya cewa wataƙila an ƙara gishiri, amma in an nuna maka hoto mai motsi sai ka ajiye shakka gaba ɗaya. Tun muna allo aka karantar da mu a Suratul Hujurat cewa a bincika labari kafin a yi aiki da shi, a guji zato, a guji cin naman ɗan'uwa. Ba a ce ban da wanda ke cikin talabijin ba, ba a kuma ce ban da wanda ba addininmu ɗaya ba. Gasar nan ta yi shekaru tana horar da bakinmu a kan baƙi 'yan Legas, ranar da 'yar unguwa ta shigo gaban kyamara, bakin ya riga ya saba.

Ba gasa ce matsalar ba, mu mutanen gasa ne tun asali. Je ka gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Gari, ka ga yadda ake ihu tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada. In an yi kisa fili ya kaure, amma wanda ya faɗi za a ɗaga shi, a kaɗe masa ƙasa, gobe ya sake ɗaure hannu ya dawo, ba kuma wanda ke bin sa gida da zagin uwarsa. Ko ka tuna musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986. Na taɓa zama a zagayen ƙaramar hukuma na irin wannan musabaƙa, wani yaro ya zo tsakiyar aya ya sarƙe. Alƙali ya buga ƙararrawa. Zauren ya yi tsit, ka ga leɓunan mutane suna motsi, har da iyayen abokan takararsa, kowa na roƙa masa buɗi. Da ya kamo zaren sai ka ji ajiyar zuciya ta tashi gaba ɗaya. A nan ma akwai gwarzon shekara, akwai kyauta, akwai wanda zai koma gida hannu rabbana, amma babu bos. A Malesiya ma, a 2010, an yi gasar talabijin mai suna Imam Muda, inda samari goma suka yi takarar limanci, ana gwada su da abubuwa har da wankan gawa, mutane kuma suka kalle ta sosai. Ana iya tara 'yan kallo ba tare da an yanka musu wani sun ci ba. Masu shirya mana shirye-shiryen Hausa, a Arewa24 da sauran tashoshi, ya kamata su riƙe wannan duk ranar da suka tashi kawo mana gasa irin ta zamani.

Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana, kuma da na waiwaya sai na ga ashe a daren nan na 2018 ba mutum biyu kaɗai ake gwadawa ba. Mu ma da muke kan benci muna cikin gasar, kuma dattijon nan ne kaɗai ya ci. Cee-C ba ta ji abin da muka faɗa ba, ba ta san da Ƙauyen Alu ba. Mu ne muka tashi da kalmomin a bakinmu muka kai su gida, yaranmu suka ji, suka koya. Wanda ba ya son shirin, ya kashe, ya hana a gidansa, ya faɗi dalilinsa da hujja, wannan haƙƙinsa ne. Wanda ya zaɓi ya kalla, ya yi murna da gwaninsa yadda ya so. Amma kada ɗayansu ya ɗauka cewa gilashin waya ya halatta masa mutuncin wani. Iyaye kuma mu sani, yaro ba ya koyon adalci daga wa'azin da muke yi masa kaɗai, yana kallon abin da muke yi in an miƙo mana bidiyon wanda ba mu sani ba.

Shagon askin yana nan, an sauya talabijin ɗin da babba, mai askin ya yi aure har da 'ya'ya biyu. Kwanakin baya ina zaune ina jiran layi, wani saurayi ya miƙo mini wayarsa yana dariya. "Malam, kalli wannan, wallahi ba ta da kunya." Wata yarinya ce a wata gasa, tana ta sababi, fuskarta jiƙe da hawaye. Na kalla har ƙarshe, daƙiƙa ashirin da wani abu. Na tambaye shi me ya faru kafin nan. Ya ce bai sani ba, haka aka turo masa. Na ce, to bayan nan fa? Ya ce nan ma bai sani ba. Mai askin ya tsayar da kilifa, ya dube mu ta cikin madubi, ya ce wa saurayin, "Kar ka tura wa kowa. 'Yar wani ce."